Yadda Ake Karanta wa Iyali Littafi da Dare

Ina aji biyar a firamare Kaka ta mai da ni mai karanta mata littafi. Ba ta yi boko ba, idanunta ma a lokacin sun fara yana, amma kunnenta ba ya barin komai ya wuce. Wani ƙanen mahaifina ne ya zo hutu daga kwalejin horon malamai da littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, bangonsa ya rabu an ɗinke da baƙin zare. Da zai koma ya manta shi a alkukin ɗakinta. Daren nan bayan an ci tuwo ta ce, "Maigidana, zo ka gaya mini abin da ke cikin takardar nan." Na zauna a bakin tabarmarta, fitilar ƙwai tsakaninmu, na kama karatu irin wanda muke yi a aji, da gudu, murya ɗaya, ba numfashi. Ban kai ƙarshen shafi ba ta dafa gwiwata ta ce, "Wa ya biyo ka? Ai ba haka mutane ke magana ba."

Shekara talatin da ɗoriya ke nan, Allah ya jiƙanta, kuma har yau a kan wannan gyaran nata nake. A gidana muna karatu dare huɗu a mako, ni da maiɗakina da yara biyar da Goggo, yayar mahaifina, wadda ke zaune tare da mu. Abokai sukan ce sun saya wa 'ya'yansu littattafai amma ko kallo ba su ishe su ba. Abin da nake gaya musu kullum shi ne, littafin Hausa a kunne daɗinsa yake. Waɗanda suka fara rubuta mana labarai da boko sun tashi ne cikin tatsuniya da hirar zaure, da wannan muryar suka yi rubutu. In ka miƙa wa yaro littafi ka ce je ka karanta, aiki ka ba shi. In ka zaunar da shi ka karanta masa, kafin wata biyu da kansa zai riƙa satar littafin don ya riga kowa sanin abin da zai faru.

Fara da tsai da lokaci, kuma ka riƙe shi. Mu bayan sallar isha'i muke yi, an ci abinci an kwashe kwanuka. Da bazara a tsakar gida, da hunturu a ɗakin Goggo saboda ita ba ta jure sanyi. Kada ka dogara da wutar lantarki, ka tanadi fitilar caji guda wadda aikinta ke nan, ka sa ta ta bayan kafaɗarka yadda hasken zai sauka kan takarda ba cikin idon masu saurare ba. Akwai wani faifai da muke ajiyewa a bakin ƙofa, duk mai waya nan yake ɗora ta, tawa ce ke fara hawa. In uba yana duba saƙo a tsakiyar labari, to an gama, kowa ma zai ɗauko tasa. Minti ashirin ya isa a makon farko. Ka ajiye kofin ruwa kusa, don maƙogwaro kan bushe fiye da yadda kake zato.

Littafin da za a fara da shi kuwa, ni ban da wata shawara da ta wuce Abubakar Imam. Na karanta marubuta da yawa, ina ƙaunar da yawa, amma shi ne wanda in na buɗe shi nake jin kamar wani dattijo mai ban dariya ya shigo ya zauna a cikinmu. An haife shi a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Yana malamin Midil ta Katsina, ɗan shekara 22 kacal, ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da Baturen nan Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya a 1933. Magana Jari Ce ta biyo baya, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939, kuma a wannan shekara ta 1939 ce ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Labaran da ke cikin Magana Jari Ce da dama ya ɗebo su ne daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa, amma ya sa musu riga da hula har ba ka iya gane baƙi ne. Sarkin zai yi fushi irin na sarakunanmu, bafade ya yi kirari irin namu, matar gida ta yi habaici kamar maƙwabciyarka.

Abin da ya sa ya dace da mafari shi ne tsarinsa. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri na ƙulla makirci, Musa na son fita, aku kuma yana tsare shi da labari dare bayan dare har gari ya waye. Ka ga ke nan an riga an yanka maka littafin gunduwa-gunduwa, kowane dare da rabonsa. Labari ɗaya a zama ɗaya, wanda ya yi tsawo a raba shi biyu. Wanda ya yi fashin jiya ba zai ɓata ba yau. Ga kuma igiyar da ta ɗaure su duka, don yara za su yi ta tambaya ko yau Musa zai fita.

Yanzu ga abin da mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ƙashin bayan aikin. Kada ka taɓa karanta wa jama'a abin da ba ka riga ka karanta kai kaɗai ba. Da rana, ko a wurin aiki lokacin hutu, ka bi shafukan da za ka karanta da dare, fensir a hannu. Dalili na farko shi ne yadda ake rubuta Hausa. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kalma ɗaya a ido, biyu ko uku a baki. In ka ga "kuka", na hawaye ne ko bishiya? "Gari" na mutane ne ko na tuwo? "Wuya" ta jiki ko ta wahala? "Fari" launi ne, ko rashin ruwan sama, ko na ɗan fari? Mai karatu a zuci ba ya jin wannan, idonsa ya wuce ya gane. Mai karatu a bayyane kuwa dole ya zaɓa kafin ya buɗe baki, in ya zaɓi kuskure sai ya dawo baya, labarin ya yi tuntuɓe. Na tuna daren da na karanta wa Kaka cewa wani matafiyi ya zauna a gindin kuka, na ja kalmar irin ta mai hawaye. Ta yi shiru, can ta ce, "Kukan wa?" Tun daga ranar nake sa ɗan ɗigo da fensir a kan irin waɗannan kalmomi. Da sabo idonka zai koyi riga bakinka da kalma huɗu ko biyar, sai ka daina buƙatar fensirin.

Haka batun haruffa masu ƙugiya. Tsofaffin bugun Zariya sun kiyaye ɓ da ɗ da ƙ, amma littattafan kasuwa da yawa, balle labaran da ke yawo a waya, ba ruwansu. Sai ka ga "bata" ba ka san ɓata ake nufi ba ko ba ta, "kafa" ko ƙafa, "bari" ko ɓari. Ka sa musu ƙugiyarsu da hannunka tun da rana.

Dalili na biyu kunya ce. Gidan Bahaushe akwai wanda ba a faɗin wata magana a gabansa. Na taɓa ɗauko wani littafin soyayya da aka yaba mini, ban duba ba, na kama karantawa Goggo na zaune, babbar 'yata na gefenta. Ina tsakiyar shafi na hango inda zancen ya nufa. Na tsaya cak, na ce maƙogwarona ya kama, aka tashi ba daɗi. Kwana uku Goggo ba ta zo zaman ba, kuma gaskiyarta ce. Laifina ne, ba na marubuciyar ba, don ba domin a karanta a gaban uwa da 'ya ta rubuta ba. Da na duba tun farko, da na san wannan na ɗaki ne, ni da maiɗakina. Ko cikin tsofaffin littattafai akwai wuraren da nake tsallake layi biyu saboda ƙananan yara. In ka yi alama tun da wuri, za ka haye ba wanda ya ji ɗinkin.

Sai murya. Ba ana so ka zama ɗan wasan kwaikwayo ba ne, abu kaɗan ke raba mutum da mutum. Sarki ka rage gudu, ka saukar da murya, ka bar ɗan shiru kafin ya yanke hukunci. Bafade ka ɗaga, ka yi sauri. Tsohuwa ka ɗan ja ƙarshen magana. Aku ni da ladabi nake yi masa murya, mai taushi, irin ta wanda ya san ya fi kowa wayo a ɗakin amma ba zai nuna ba. A Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta ramuwa a kan juna gari bayan gari, na ba Zurƙe 'yar shaƙaƙƙiyar murya, har ta kai in na gyara maƙogwaro kawai autana ya fara dariya, ya san mutumin nasa ya iso. Abin da za ka kiyaye shi ne, muryar da ka ba mutum ranar Litinin ita zai riƙe ranar Alhamis. Yara ba sa yafe wannan, nan take za su ce ba haka yake magana ba.

Ka bar wa dariya wuri. In an fashe da dariya ka dakata har ta lafa, kada ka bi ta kai. In Goggo ta ce "Kai, wannan Waziri Allah ya isa," wannan ma cikin karatun yake.

Wajen tsayawa ma akwai dabara, kuma a wurin akun na koye ta. Kada ka bari sai an fara hamma. Ka rufe littafi lokacin da aka fi son ci gaba: an ɗaga takobi, ko an ƙwanƙwasa ƙofa, ko alƙali ya buɗe baki. Za a yi ta roƙo, "Baba, shafi ɗaya kawai." Kada ka yarda, sai fa daren Asabar da ba makaranta washegari. Wannan roƙon shi ne zai dawo da su gobe tun kafin ka kira.

Za ku riƙa cin karo da kalmomin da suka kwanta dama. Kuɗin da, irin su wuri da zambar da keso, ko anini da taro da sisi da sule. Kayan yaƙi, lifidi da sulke da kwalkwali, waɗanda suka cika Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Abubakar Imam ɗin, littafin da shi ma ya fito daga gasar 1933. Kada ka yi saurin ba da ma'ana, ko da ka sani. Ka juya wurin wanda ya fi kowa shekaru ka tambaya. A gidanmu Goggo ce ƙamus. Ranar da aka ambaci anini ta tashi ta buɗe adakarta ta ɗauko guda, mai huda a tsakiya, ya zaga hannu hannu, ta gaya musu abin da yake saya tana yarinya. Karatun daren bai wuce shafi biyu ba, amma ban ga daren da ya fi shi ba. Tsoho da ake tambaya a gaban jikoki wani haske yake yi. In ba mai sani, a rubuta kalmar a bayan littafi, a tambayi liman ko wani malamin Hausa, a kawo amsa zama na gaba.

In kun gama littafi na ɗaya na Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, kunnuwa sun nuna, sai a shiga dogon labari. Samari 'yan shekara goma zuwa sha biyar Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa yakan kama su. Shaihu Umar kuwa ka jira sai kana da daren da ba gaggawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta a Bauchi, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista. Ɗan siriri ne, zama huɗu ko biyar ya ƙare, harshensa a natse ba ado, sam ba irin na Imam ba. Labarin yaro ne da aka sace zamanin bauta, aka ƙetare hamada da shi, da mahaifiyarsa da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Kada ka yi masa muryoyi da yawa, ka karanta shi a hankali yadda mai shi ya rubuta. Da muka zo inda uwa da ɗa suka haɗu bayan shekaru, ita kuma kwananta ya ƙare, na ɗaga kai na ga maiɗakina ta rufe fuska da mayafi. Goggo ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ba mu labarin da ta ji wurin kakarta, na wata 'yar'uwarsu da mahara suka ɗauke a bakin rafi ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ni da na girma a hannunta ban taɓa jin wannan labari ba sai daren nan.

Kada kuma ka tsaya ga maza da 'yan mazan jiya. Hafsatu Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, bayanta mata suka cika fagen, musamman daga Kano. Wadda na fi komawa gare ta ita ce Balaraba Ramat Yakubu. Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, labarin Rabi ne da 'ya'yanta tara, da mijinta Alhaji Abdu da ya wulaƙanta ta ya kore ta saboda amarya. Balaraba ba ta ɓoye komai, kuɗin cefane nawa aka bayar, wa ya ci nama wa ya kwana da yunwa, duk tana lissafawa. Wannan bayan ƙanana sun yi barci muke karanta shi, mu manya da 'yan matan da suka tasa. Ka shirya, za a yi gardama, wani lokaci ma a kanka za ta sauka, don mata za su ce ai halin maza ke nan. Ka saurara. Akwai maganganun da maiɗakina ba ta taɓa iya gaya mini kai tsaye ba sai ta bakin Rabi, kuma na gode da na ji su. Wasu malamai suna raina waɗannan littattafai, suna kiran su adabin kasuwar Kano kamar abin kunya ne. Akwai tarkace a ciki, ba musu, amma wanda ya watsar da su duka ya yi asarar marubutan da suka fi kowa sanin abin da ke faruwa a cikin gidajenmu.

Waƙa ba a karanta ta kamar zube, rerawa ake yi. Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, in ka bi ta da muryar labari ka kashe ta. In ba ka san karinta ba ka nemi wanda ya sani, tsofaffi da yawa sun haddace ta tun daga bakin almajirai da makafi masu bara. Baiti biyar ko shida a ƙarshen zama ya wadatar. Haka waƙoƙin Aƙilu Aliyu da na Sa'adu Zungur, sai dai su sun fi son manya.

Bayan wata biyu ko uku, ka fara miƙa littafin. Yaron da ya iya haɗa baƙi a ba shi sakin layi ɗaya, wanda ya fi shi a ba shi shafi. Ka gaya masa tun da rana inda zai karanta don ya duba, kamar yadda kai ma kake yi. In ya yi kuskure kada ka katse shi a tsakiyar jimla, kuma kada ka bari 'yan'uwansa su yi masa dariya. In ya kai aya sai ka maimaita kalmar daidai, a wuce. Wani abu kuma da nake roƙon iyaye, musamman 'yan'uwana malaman makaranta: kada a rufe littafi a ce "To, wane darasi muka koya?" Da ka faɗi haka ka mai da tabarma aji. Tambayi wa ya fi ba su haushi, ko me za su yi da su ne Musa. Darasin zai shiga da ƙafarsa.

Samun littattafan ba shi da wuya yadda ake zato. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, wanda aka kafa a 1966, shi ya gaji buga yawancin tsofaffin, kuma da yake ana karanta su a makarantu ana samun su a shagunan littattafai na Zariya da Kaduna da Sabon Garin Kano. Ka tambayi ɗaliban Hausa na kwaleji, ka kuma leƙa akwatunan kawunnai, nan ne bugun da suka fi kyau ke kwance. Kafin ka biya kuɗi ka buɗe ka ƙirga shafuka, don bugun satar fasaha yakan zo da shafi a juye ko babu shi ɗungurum, kuma ba abin da ya kai a zo tsakiyar labari a tarar da rami ciwo. Kowane littafi na shigo da shi sai na yi masa riga da takardar buhun siminti, na rubuta sunansa a gadon baya. Ina ajiye su a akwatin ƙarfe a kan bulo, nesa da bango, saboda gara da danshin damina. Aro kuwa ina bayarwa, amma sai na rubuta a wani ɗan littafi wa ya ɗauka da ranar. Wancan na Kaka mai baƙin zare wani na ba aro ban rubuta ba, yau shekara goma sha ɗaya, har yanzu in na tuna sai na ji a ƙirjina.

Zaman zai yanke, wannan tabbas ne. Za a yi baƙi, za a yi rashin lafiya, jarrabawa za ta zo. Da azumi mu ɗagawa muke yi gaba ɗaya, dare na tarawihi da tafsiri ne. Abin da na lura shi ne, in an daɗe ba a yi ba, kada a koma kan dogon labarin da aka bari a tsakiya, an manta zaren. A ɗauko gajere mai ban dariya wanda kowa ya sani a yi dare biyu da shi, sannan a koma. Bana bayan ƙaramar salla da labarin Kalala da Kalalatu muka buɗe, karo na nawa ban sani ba, aka yi dariya kamar ba a taɓa ji ba. Yanzu muna littafi na uku, inda aku ke koya wa ɗansa Fasih magana. 'Yata ta biyu ce ke da karatun daren yau, tun la'asar na gan ta a bayan ɗaki da fensir tana ɗiga wa kalmomi alama, tsinken tsintsiyar da muke sa shaida da shi a bakinta.